Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Sufuri: A Fara Kai Jirgi Kano Kafin Zancen Mai Tsananin Gudu

Mai Girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na san aiki ya yi maka yawa, don haka ba zan ja ka da nisa ba.

A watan Agustan 2025 aka shaida wa 'yan ƙasa cewa wani kamfani na gida da abokan hulɗarsa daga China sun miƙa wa gwamnati takardun shaidar kuɗi har dala biliyan 60, domin shimfiɗa layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu na kilomita 4,000, wanda zangonsa na farko zai haɗa Legas, Abuja, Kano da Fatakwal. Tun daga lokacin mutane suka rabu gida biyu. Wasu na cewa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta isa ta yi babban buri, wasu na cewa lokacinsa bai yi ba. Ina cikin kashi na biyu, kuma babban dalilina bai wuce kilomita 203 ba, wato tazarar layin dogon Kaduna zuwa Kano da har yau muke jira.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin wannan aiki, amma ka ba ni dama in tuna maka. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, aka sa hannu da kamfanin CCECC na China kan sabon layi daga Legas zuwa Kano a kan dala biliyan 8.3. Aikin ya tsaya, daga baya aka yanka shi gunduwa-gunduwa don a iya biya. Aka buɗe gunduwar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, a watan Yulin 2016. Aka buɗe ta Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, a watan Yunin 2021. Wata guda bayan haka Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano, aka ce mana za a gama kafin gwamnatin ta sauka. Gwamnatin ta sauka a watan Mayun 2023 ba a gama ba, saboda rancen da ake sa rai daga China bai zo a kan lokaci ba. Sai a farkon 2025 Bankin Raya Ƙasa na China ya saki kimanin dala miliyan 255, aka kuma sake sa wani wa'adin. Shi kuwa tsakiyar layin, daga Ibadan zuwa Abuja, ko maganarsa ba a cika ji ba. Kusan shekara 20 kenan da sa hannu, kuma kwantenar da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ba ta da sabon layin da za ta bi ta iso Kano.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan na tuna jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, aka kuma haɗa shi da Legas a 1912, da diga da shebur da ƙarfin kakanninmu. Ya kai Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Yau da injuna da injiniyoyi da rancen ƙasashen waje, kilomita 203 sun cinye mana shekaru. To da wane ido za mu kalli alƙawarin kilomita 4,000? Wanda bai iya sauke ƙaramin kaya ba, ba a ɗora masa babba don kawai ya ce zai iya.

Kada a ɗauka ina ƙin jirgi mai gudu ne. Na san abin da ya yi wa ƙasashen da suka gina shi a kan lokacinsa. Japan ta buɗe layin Tokyo zuwa Osaka a ranar 1 ga Oktoban 1964, amma ta yi haka ne saboda tsohon layin da ke tsakanin biranen ya cika maƙil, babu inda za a ƙara saka ko jirgi ɗaya. China ta buɗe layin Beijing zuwa Tianjin a 2008 bayan ta shafe shekaru tana ƙara wa tsofaffin layukanta gudu mataki-mataki. Masu goyon bayan wannan shiri sun fi son kawo misalin Maroko, kuma suna da gaskiya cewa ita ce ta fara a Afirka: a watan Nuwamban 2018 ta buɗe jirgin Al Boraq mai gudun kilomita 320 a sa'a, ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka daga sa'a huɗu da minti 45 zuwa sa'a biyu da minti 10. Sai dai a duba yadda Maroko ta yi. Sabon layin da ta gina kimanin kilomita 200 ne kawai, daga Tanja zuwa Kenitra, ta jona shi da tsohon layi mai amfani da lantarki wanda dama yake aiki kullum, da fasinjojinsa da ma'aikatansa da wuraren gyaransa. Dukkansu sun kai ga gudu ne bayan jirgi na yau da kullum ya zama abin dogaro. Mu kuma, wane layi ne a ƙasar nan ya cika har ya kasa ɗaukar ƙarin jirgi? Layin Abuja zuwa Kaduna an tsara shi don gudun kilomita 150 a sa'a, amma tafiyar tana cin fiye da sa'a biyu, kuma jiragen da ke tashi a rana ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Matsalarsa ƙarancin taragai da kawunan jirgi da kulawa ce.

Za a ce mini ai kuɗin 'yan kasuwa ne, gwamnati ba za ta fitar da ko kwabo ba. Mai Girma Minista, haka aka faɗa wa mutanen Indonesiya a 2015, lokacin da aka ba China aikin layin Jakarta zuwa Bandung bisa sharaɗin cewa ba za a taɓa baitulmali ba. Da kuɗin aikin ya zarce abin da aka ƙiyasta, a 2021 gwamnatin ƙasar ta sauya doka ta ba da damar zuba kuɗin jama'a. An buɗe layin a watan Oktoban 2023, kilomita 142, a kan kimanin dala biliyan 7.3, kuma bashin ya zama abin muhawara a ƙasar. Birtaniya, wadda ita ta ƙirƙiro jirgin ƙasa, ta fara shirin layinta mai tsananin gudu na HS2 da ƙiyasin fam biliyan 33 ko kusa da haka, kuɗin ya yi ta kumbura har a watan Oktoban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya soke ɓangaren Birmingham zuwa Manchester. A jihar California ta Amurka jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2008 bisa cewa dala biliyan 33 za ta isa kuma a gama a 2020, yanzu ƙiyasin ya haura dala biliyan 100 ba tare da fasinja ko ɗaya ya hau ba. Kasafin kuɗin tarayyarmu na 2025 gaba ɗaya, naira tiriliyan 54.99, bai kai dala biliyan 40 ba. Wato aikin da ake magana ya fi ƙarfin duk abin da gwamnati ta tsara kashewa a shekara guda kan tsaro da lafiya da ilimi da albashi da biyan bashi. Babu mai ba da irin wannan kuɗi sai da jingina. Mece ce jinginar? Lamunin gwamnati ne, ko iskar gas, ko filaye, ko alƙawarin cike giɓi idan fasinja bai kai ba? Muna da haƙƙin gani a rubuce kafin a sa hannu, domin mu da 'ya'yanmu za mu biya idan lissafi ya ƙi fita.

Sannan jirgi mai gudun kilomita 250 zuwa sama lantarki yake sha, kuma ba ya jure ɗaukewar wuta. Ka san wutar da ake rarrabawa a ƙasar nan yawanci tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ka san sau nawa babban layin wuta na ƙasa ya faɗi a 2024, ka kuma tuna yadda yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako cikin duhu a watan Oktoban shekarar. Jiragenmu na sabbin layukan ma da man dizal suke tafiya.

Batun tsaro kuwa ba na son in daɗe a kansa don ciwon bai warke ba. Daren 28 ga Maris 2022 aka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna bam a kusa da Katari, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da 60 daji, rukuni na ƙarshe bai fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. A watan Agustan 2025, watan da aka yi sanarwar dala biliyan 60, jirgin wannan layi ya kauce daga kan dogo a kusa da Asham. Ɓarayin ƙarafa ba su daina kwance ƙusoshin layi ba. A gudun kilomita 90 ƙusa ɗaya da aka zare na iya jawo rauni da asara. A gudun kilomita 300 ba na so ko in kwatanta. Irin wannan layi sai an killace shi da shinge daga farko har ƙarshe, an kuma yi masa gadoji da hanyoyin ƙarƙashi a duk inda mutum ko dabba ke ƙetarawa. Wa zai tsare shingen kilomita dubbai a dazukan da har yanzu manoma ke tsoron shiga?

Bari in koma kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da ƙasar nan ta fi buƙata daga jirgin ƙasa shi ne dakon kaya masu nauyi da ɗaukar talaka cikin araha da aminci, kuma jirgi mai tsananin gudu ba ya yin na farkon, na biyun ma da ƙyar, domin sau da yawa tikitinsa da na jirgin sama yake gogayya. Siminti da takin zamani da man fetur da kwantena da dabbobi duk a kan titi suke tafiya, suna farfasa kwalta, suna cinye rayuka. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya ta jihar Jigawa, wuta ta kashe fiye da mutum 150. Wata uku bayan nan aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Ba na cewa layin dogo zai hana kowane haɗari, amma duk tankar da aka ɗauke daga titi aka mayar da kayanta tarago, an rage wata musiba da ke jiran wani ƙauye. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, sannan ta Funtuwa, duk da nufin ɗan kasuwa ya karɓi kayansa a kusa ba sai ya je bakin teku ba. Tashar tsandauri ba ta cika sunanta sai jirgin kaya na shiga yana fita a kan jadawali. Haka kuma layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 a kan kusan dala biliyan 2, an gina hujjarsa ne kan cewa kayan Jamhuriyar Nijar za su bi ta cikinmu zuwa Legas. Idan babu Kaduna zuwa Kano, babu Ibadan zuwa Abuja, ta ina za su bi? Za mu wayi gari da guntayen layuka masu tsada, kowanne na biyan bashinsa, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

Akwai kuma layin Fatakwal zuwa Maiduguri da aka ƙaddamar da gyaransa a watan Maris 2021, wanda daga cikin kilomita sama da 1,400 ɓangaren Fatakwal zuwa Aba kawai ya fara aiki. Mutanen Gombe da Bauchi da Borno na nan suna jira. Na Legas zuwa Kalaba da aka sa wa hannu tun 2014 ba sai na ce komai ba.

Ina roƙonka don Allah, ranka ya daɗe, kada ka bari hayaniyar sabon shiri ta ɗauke hankalin ma'aikatarka daga wanda ke hannu. Lokacin minista da na injiniyoyinsa ƙayyadadde ne, haka ma yawan bashin da masu ba da rance za su yarda su ba ƙasa ɗaya. Duk wata tattaunawa da aka kashe wata shida a kanta game da jirgin da ba mu da wutar tuƙa shi, an ɗebe ta ne daga lokacin da ya kamata a nemo kuɗin Ibadan zuwa Abuja. Idan ana son kada ƙofar gaba ta rufe, akwai hanya mai sauƙi: a fitar da taswirar inda layi mai gudu zai bi wata rana, a kare filin daga gine-gine, a yi binciken yawan fasinja a bayyana sakamakonsa, a bar shi nan har layin da muke da shi ya cika ya fara neman taimako. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo, a ja su a jiki su yi rassan da za su kawo wa babban layi kaya da mutane.

Abu biyu nake nema daga gare ka kai tsaye. Ka fito ka faɗa wa 'yan ƙasa ranar da jirgin farko zai tashi daga tashar Rigasa ta Kaduna ya shiga Kano, tare da rahoton ci gaban aikin duk bayan wata uku, da adadin kilomitocin da aka shimfiɗa da kuɗin da aka biya. Sannan kafin a sa hannu kan kowace yarjejeniya ta jirgi mai tsananin gudu, a kai cikakkun sharuɗɗanta gaban Majalisar Tarayya a zaman da jama'a za su iya saurare, musamman sashen da ya bayyana wanda zai biya idan kuɗin aikin ya ƙaru.

Allah Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa mai bibiyar harkar sufuri