Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Maganin Fumfuna da Jiƙon Tsirrai a Lambunan Gidajenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi maza da mata, a madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da rahoton ayyukan da muka yi daga babban taronmu na bara zuwa yau. A wancan taro ne aka amince cewa bana za mu tsaya kan abu guda, wato fumfunar da ke cin ganyen kayan lambu da kuma jiƙo da tsimin da mutum zai iya haɗawa da hannunsa, domin yawancinmu shukarmu a tsakar gida take, cikin buhuna da tsofaffin bokitai, inda yara ke wasa kaji ke kiwo, kuma babu wanda hankalinsa ke kwanciya ya fesa maganin kanti mai ƙarfi a kan alayyahon da gobe za a tsinka a sa a miya.

Zagayen lambuna

Kwamiti ya zaga gidajen mambobi sau biyu, a tsakiyar damina cikin Agusta da kuma lokacin sanyi. Babban abin da muka gano shi ne cewa abubuwa huɗu dabam-dabam muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya, sai mu yi musu magani ɗaya, sannan mu ce maganin gida ba ya aiki. Akwai farar fumfuna mai kama da an barbaɗa gari a saman ganyen kuɓewa da kabewa da kokwamba, wadda ta fi yawa bayan ɗaukewar ruwa, musamman inda shuka ta cushe a inuwa, don ita ba ta bukatar ganye ya jiƙe kafin ta kama. Akwai ta damina, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ruwan ɗorawa daga sama, idan an juya shi da sassafe a ga wani gashi-gashi mai launin toka a ƙasansa. Akwai ta tumatir, mai ɗigo ruwan ƙasa da zobe a cikin zobe, wadda ke farawa daga ganyen ƙasa saboda ruwan sama na fantsama ƙasa a kansu. Ta huɗu ita ce baƙar da ke rufe ganyen lemo da barkono kamar kunkunniya, kuma ita a kan danƙon da darɓa da farin ƙuda ke zubarwa take tsira, shi ya sa wanda bai kori ƙwarin ba, ko ya wanke ganyen, za ta dawo.

Gwaje-gwajen feshi

Madarar shanu ce ta fi ba mu gamsuwa a kan farar fumfuna. Mun ɗauko dabarar daga binciken da wani masanin aikin gona na ƙasar Burazil, Wagner Bettiol, ya wallafa a 1999, inda ya nuna cewa madarar da aka sirka da ruwa, idan ana fesa ta sau biyu a mako, tana rage wannan cuta a kan wani nau'in kabewa. Ma'aunin da muka bi shi ne kashi 1 na madara a kashi 9 na ruwa, wato gwangwani guda na madara a gwangwani 9 na ruwa, a fesa da safe sama da ƙasan ganye. Waɗanda suka fara feshi tun ɗigon farko, bayan sun tsinke ganyen da ya lalace sun binne shi, kuɓewarsu ta ci gaba da ba da 'ya'ya, amma waɗanda suka jira har ganye ya yi fari fat ba su ga wani amfani ba. Wasu kuma sun ƙara madarar fiye da ƙima da zaton ƙarfi zai ƙaru, sai lambun ya ɗauki ƙarni, ƙudaje suka taru. A kan cutar damina da ta tumatir madara ba ta taimaka ba; abin da ya taimaka a can shi ne rage cunkoso, ɗaure tumatir a jikin kara, cire ganyen da ke taɓa ƙasa, shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, da daina ban ruwa ta saman ganye da yamma.

Na biyu shi ne bekin soda, wadda aka gwada a kan furen wardi a Jami'ar Konel ta Amurka, kuma aikinta shi ne ta sa fuskar ganye ta yi wa fumfuna wuyar zama. Ma'auni shi ne cokalin shayi ɗaya, kimanin giram 5, a lita guda ta ruwa, da ɗigon sabulun ruwa kaɗan don ta manne. A nan ne muka yi kuskuren da ya wajaba mu faɗa a gabanku. A zamanmu na farko an ce wa mambobi su zuba «kaɗan» ba tare da an nuna ma'auni ba, kuma da aka tambaya ko kanwa za ta iya maye gurbinta, ba a ba da amsa tsayayya ba. Kanwa dangin sodar ce, amma ta fi ta kaifi, tana ɗauke da gishiri, kuma ƙarfinta ya bambanta daga wannan curi zuwa wancan. Sakamakon haka wata 'yar'uwarmu ta yi asarar kokwambarta baki ɗaya cikin kwana biyu. Laifin kwamiti ne, mun ba ta haƙuri, an kuma saya mata iri daga asusun ƙungiya. Tun daga ranar muka kafa ƙa'idar cewa duk wani haɗi sai an gwada shi a ganye biyu ko uku, a jira kwana biyu, kafin a fesa wa sauran.

Darbejiya, wadda wasunmu ke kira dogon yaro ko bedi, ita ce makaminmu a kan ƙwarin da ke jawo baƙar fumfuna. Ƙarfinta ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan, ganye kuwa rauni gare shi. Ana ɓare busassun 'ya'ya, a daka giram 50 na ƙwayar, a jiƙa a lita guda ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin injin feshi, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma saboda rana na kashe sinadarinsa. Jiƙon ba ya ajiyuwa, a ranar ake amfani da shi. Jiƙon tafarnuwa da na ganyen gwanda mun gwada su, amma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka kwamiti bai sa su cikin shawarwarinsa ba tukuna. Jiƙon taba kuwa mun hana shi gaba ɗaya, domin guba ce ga mai feshi da yara, kuma tana iya ɗauko wa tumatir da tattasai cutar da ke murɗe ganye.

Tsimin taki da ruwan zogale

Tsimin taki abinci ne ga shuka, kuma muna roƙon mambobi su daina fesa shi a ganye da sunan magani. Hanyar da muka koyar ita ce a zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu a buhu, a rataye shi cikin duro na ruwa kimanin mako biyu ana motsawa kullum, sannan a sirka har ya yi launin shayi marar ƙarfi, a zuba a gindin shuka. A riƙa rufe duron saboda sauro da ƙananan yara. Ɗanyen kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, har ma dokar noma ba da sinadari ba a Amurka ta wajabta tazarar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wannan ya isa ya nuna haɗarin zuba irin wannan ruwa a kan latas ko alayyaho. Mun kuma lura cewa gidajen da suka yawaita takin kaji ganyensu ya yi fāɗi da laushi, kuma su ne farar fumfuna da darɓa suka fi damu.

Ruwan zogale mai sauƙi ne: a daka ɗanyen ganye matashi, a matse, a sirka da ruwa ninki 30, a fesa wa ƙananan shuka. Masu yi sun yaba, amma kasancewar babu wanda ya bar layi guda ba feshi don a kwatanta, za mu maimaita gwajin.

Kuɗi da shirin baɗi

Kuɗin wata-wata ya tafi ne wajen sayen ƙaramin sikeli, injin feshi na haya tsakanin mambobi, madarar gwaji da iri. Ma'aji zai karanto cikakken lissafi bayan wannan rahoto, kuma muna tunatar da masu bashin kuɗin wata. Injin feshin ƙungiya an haramta zuba masa maganin ciyawa, domin ragowarsa na ƙona shukar wanda zai karɓa a gaba.

A shekara mai zuwa kowane mamba zai riƙe ƙaramin littafi da zai rubuta ranar feshi, ma'aunin da ya yi da abin da ya gani, tare da ware buhu ɗaya ko layi ɗaya da ba za a fesa ba. Muna kuma neman masu darbejiya a ƙofar gida su tara mana 'ya'yan idan sun fara zuba, a wanke su, a shanya su a inuwa har su bushe sarai, a zubar da duk wanda ya yi fumfuna, sannan a adana su a buhun algarara maimakon leda, a kawo wa sakatare kafin zamanmu na gaba.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa