Lambar NIN ɗinmu a hannun wa take?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana kan yadda ake tara bayanan 'yan Najeriya.

A watan jiya wani saƙo ya shigo wayata yana kiran maƙwabcina ɓarawo, har da hotonsa, saboda ya yi jinkirin biyan bashin da ya ci a wata manhajar ba da rance. Ban taɓa hulɗa da kamfanin ba. Daga wayar bawan Allahn nan suka kwashi lambata, ranar da ya danna amincewa da sharuɗɗan da aka rubuta da Turancin da ba ya ji. Mako guda ya yi bai leƙa masallacin unguwa ba don kunya.

Abin ya wuce masu ba da rance. An kawo lambar tantancewa ta banki, BVN, a 2014, a Disamban 2020 aka wajabta haɗa NIN da layin waya, yanzu kuma NIN ɗin ta shiga banki da fasfo da rajistar JAMB. Kowane bayani shi kaɗai ba ya da wani nauyi, amma idan kwamfuta ta haɗa su wuri guda, za a iya sanin unguwar da mutum yake kwana, da abin da ke shiga asusunsa, da waɗanda yake waya da su. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100 kacal.

Doka kam akwai ta. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanai a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta ba kowa 'yancin tambayar abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara ko a goge, ta kuma tanadi tarar da za ta kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar babban kamfani a shekara. Sai dai maƙwabcina bai taɓa jin labarinta ba, haka ma matan da nake gani suna miƙa takardar NIN ga duk wanda ya zo da littafi da sunan rajistar tallafi.

Ina kira ga NDPC da ta fassara dokar zuwa Hausa, ta bayyana ta a rediyo, ta buɗe wurin kai ƙorafi a kowace jiha, kuma idan bayanai suka fita daga ma'aikatar gwamnati, a hukunta ta kamar yadda ake hukunta kamfani.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano