Sanarwa: Zamanmu na Ranar Asabar da Sabuwar Ƙa'ida

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tun da farashin hannayen jari ya fara sauka a makon nan, saƙonni suka yi yawa a rukunin nan, wasu har suna cewa za su sayar da komai kafin gari ya waye. Abin ya dame ni ƙwarai. Shi ya sa za mu yi zama ta kiran murya ranar Asabar da ƙarfe 9 na dare, in Allah Ya kai mu.

Kowa ya zaɓi kamfani ɗaya da yake da hannun jari a ciki, ya buɗe rahotonsa na shekara, ya duba ribarsa ta shekaru uku baya, yawan bashin da ke kansa, da ko yana raba wa masu hannun jari riba. Da wannan za mu gane ko kamfanin ne ya lalace, ko kuwa tsoro ne kawai ya kama kasuwa. Ku tuna, S&P 500, wato ma'aunin farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, ya zube da fiye da rabi tsakanin 2007 da 2009, amma a 2013 ya koma matsayinsa. Wanda ya sayar a tsakiyar faɗuwar, shi ya kwashi asara.

Sannan daga yau, duk wanda zai ce "ku sayi kaza", ya kawo dalilinsa tare. Tallan ninka kuɗi cikin mako kuwa, za mu goge shi nan take.

Wanda zai halarta ya rubuta "ina ciki" kafin Juma'a. Allah Ya sanya albarka a nemanmu.

Naku, mai kula da rukuni.