Godiya ga masu shagon buga takardu na Titin Gidan Zoo

Assalamu alaikum. Shagonku ba shi da allon suna, sai injin hoto a bakin ƙofa, shi ya sa na kira ku da titinku.

Maigidana ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da Kano ke kulle saboda korona ana ta rasa dattawa. An kai shi maƙabartar Dandolo da mutanen da ba su cika sahu biyu ba. Babu zaman makoki, sadakar uku ma a waya aka yi mana gaisuwa. Cikin wata huɗu da kwana goma na takaba na cika littafin rubutu biyu na 'yan makaranta da wani labari: mace ce mijinta yake dawo mata kullum bayan sallar asuba, ya zauna a tabarmarsa, ta gaya masa abin da ba ta samu faɗa ba ranar da aka fita da makara. Sai bana na yi ƙarfin halin kai shi a buga, da niyyar ko zan taƙaita shi na aika gasar Hikayata ta BBC Hausa.

Shago uku na shiga kafin naku. A na farko yaron ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi abokansa na ji, ya ce, "Hajiya, ai soyayya ake saye, wa zai karanta mutuwa?" Na biyu suka riƙe littafin sati uku, kullum babu wuta, ya dawo da maiƙon ƙosai a bango. Na uku sun buga, amma babu ƙugiya ko ɗaya. Inda na rubuta ɓarin da na yi shekarar aurenmu ta biyu, suka sa "bari". Ɗa ya koma "da". Da na yi magana aka ce kwamfutarsu ba ta san wannan ba, kuma kuɗina bai dawo ba.

Yarinyar da ke kwamfuta ta biyu a shagonku ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ta ba ni kujera, ta ce, "Mama, ki zauna kusa da ni, inda ban gane ba sai na tambaye ki." Ba ta gyara mini magana ba sai ta nemi izini. Da muka zo wurin da matar ke ninke ragowar likkafani, na ga ta cire hannu daga madannai, ta yi shiru, ta ce Allah ya ji ƙan Baba, sannan ta ci gaba. Ba ta yi mini wa'azin haƙuri ba, wanda na sha har na ƙoshi a wurin dangi masu ganin rubutun nan rashin tawakkali ne. Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Aikin ya fito a kwana huɗu, farashi yadda aka yi ciniki.

Abin da ke ba ni takaici, a garin da aka buga dubban littattafan Hausa, sai ka zaga shago uku kafin ka samu mai iya sa ƙ da ɗ da ɓ. Takardar Turanci ta ɗalibi za su bi ta layi layi, ta Hausa kuwa ko kallo na biyu ba ta samu. Ga ɗabi'ar karanta takardar mutane a gaban kowa, ta asibiti ce ko ta rabon gado, ba ruwansu. Littafi na uku yana nan na fara, wurinku zan kawo.

Wata bazawara daga Gwale.