Amsa ga ɗana da ya tambaye ni batun addu'a a cikin taro

Ɗana,

Ran Lahadi bayan sujada ka tsaya gaban jama'a ka tambaye ni: tunda Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa a yi addu'a (Matiyu 6:6), don me Bulus ya ce maza su yi addu'a a ko'ina suna ɗaga hannuwa (1 Timoti 2:8)? Ka ce ko dai Littafi na ƙaryata kansa, ko mu ne muka ƙi bin sa. Rana ta take, mutane na haramar tafiya, ban ba ka amsa mai gamsarwa ba. Ga ta.

Koma Matiyu 6, aya ta 5. Waɗanda Yesu ya tsawata wa su ne masu tsayawa a majami'u da kan hanya don mutane su gan su. Kalmar Helenanci da aka fassara "munafukai" asalinta ɗan wasan kwaikwayo ne. Maƙwabtanmu Musulmi a nan Maraɗi suna kiran wannan ciwo riya, sun kuwa san shi sarai. Ɗakin da Yesu ya ambata ma ɗakin ajiya ne, kamar ka ce rumbu, inda babu mai tafa maka.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali yana Luka 18. Bafarisiye da mai karɓar haraji, Haikali ɗaya suka shiga, lokaci ɗaya. Ɗaya ya jera wa Allah azuminsa da zakarsa. Ɗayan ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Shi aka karɓa. Da wurin ne matsalar, ai da dukansu biyu an kore su. Yesu da kansa ya yi addu'a da murya a bakin kabarin Li'azaru, har ya ce saboda taron da ke tsaye ne (Yohanna 11:42). Addu'ar da ya koyar a Matiyu sura ta 6 ma "Ubanmu" ta ce, "ka ba mu", wato bakin jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Bulus kuwa, ka kula da ƙarshen ayarsa: ban da fushi, ban da gardama.

Saboda haka ban ga saɓani ba. Amma rabin maganarka na biyu ya hana ni barci. Tun da mishan ya zauna a garin Tsibiri, kusa da nan Maraɗi, a 1927 iyayenmu ke taruwa su yi addu'a, ba su da lasifika. Yau mukan kwana muna ɗaga murya, maƙwabci mai jinya bai runtsa ba. Ni kaina na sha tsawaita addu'a don na ji ana amsa "amin" da ƙarfi, kuma ina jin kunyar hakan.

Ka zo gida ran Laraba da la'asar da Littafinka. Ina so mu karanta Daniyel 6 tare, mutumin da ya bar tagarsa a buɗe ya durƙusa sau uku a rana, alhali ya san ramin zakoki ke jiransa.

Ni ne babanka cikin Ubangiji,
wani dattijon ikkilisiya, Maraɗi