Wasiƙa daga Minnesota: kwaɗon da ba ya numfashi

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Yaya sanyi? Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi mini a kan hoton nan, wai ɗan masunta ya ƙetare teku ya koma haɗa 'yar tsana. To gyara zama ka ji. Kwaɗo ne na ƙarya, kuma kifi ake kamawa da shi.

A nan Minnesota, a arewacin Amurka, da hunturu ya kama, tafkuna daskarewa suke yi, har mota takan hau kan ƙanƙarar. Sai masu irin fatsarmu su shige ɗaki su yi ta ɗaure-ɗaure kafin ruwa ya narke. Kifin da muke wa wannan wahala sunansa bas, mai ƙaton baki da zari. Yakan laɓe ƙarƙashin ganyen bado ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ya jira kwaɗo ko ɓera ko ƙaramin kifi ya gifta ta samansa. Kada ka ɗauka wani dodo ne. Wanda wani mai fatsa, George Perry, ya kama a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, da ake ta ambato har yau, kilo 10 ne da 'yan kai. Na san a Argungu ko kallonsa ba za a tsaya yi ba in an ajiye giwan ruwa a gefe. Amma ranar da ka ga ya fasa ruwa ya cafke abin da hannunka ya ɗaura, za ka gane abin da ke zaunar da mutum a teburi har tsakar dare.

Kashi biyu nake yi wa kwaɗon. Na baya shi ake fara ɗaurawa a ƙaramar ƙugiya ko ɗan sandan ƙarfe mai ido: gashin kaza dogaye a matsayin ƙafafu, da siraran zaren roba. Sai in zura waya mai laushi ta idon, in ninka ta, in sa 'yan duwatsun ado biyu a tsakani, in ɗaure bakinta a jikin babbar ƙugiya ta gaba, in ɗiga gam. Wannan gaɓar ita ce komai. In ka matse ta da yawa, kwaɗon ya sandare. In ka sake ta da yawa, wurin jifa bayan ya naɗo ya sarƙe da gaban, ka yi ta jan abin banza ba ka sani ba. Abin da ake so shi ne idan ka fizgi zare ka tsaya, kai ya tsaya cak, bayan kuma ya ci gaba da lilo, ya ɗan nutse kamar yadda kwaɗo mai rai ke rataye ƙafafu in yana hutawa. Galibi a wannan tsayawar kifin ke kawo hari.

Kan kuwa da gashin barewar nan ake yi, musamman na cikinta. Akwai iska a cikin silin gashin, shi ya sa ba ya nutsewa, kuma da yake fari ne yana karɓar rini sosai. Za ka yanko ƙulli, ka taje ƙananan gashin da ke gindi, ka ɗora a ƙugiya, ka zagaya zare mai ƙarfi sau biyu, ka ja. Nan take sai ya baje. Ka tura shi baya da ƙarfi ya cushe, ka ƙara wani, har ƙugiya ta cika. Daga nan sai aski: da reza mai baki biyu, a lanƙwashe, kana bi a hankali kamar wanzami a kan jariri ranar suna. Cikin dole ya zama shafe, don kada gashi ya toshe bakin ƙugiya. Ni siffar da Larry Dahlberg ya fito da ita nake bi, mutumin da ya daɗe yana su a kogin St. Croix da ke tsakaninmu da Wisconsin: kai mai tsini da ɗan kwala a baya, in ka ja ya nutsa da kumfa, in ka saki ya taso. Ranar da nake jin ƙyuya sai in yanka soso mai kaurin milimita 2 in ninka, ya wadatar.

Kan launi muke sa-in-sa da abokan su. Wani zai kwana yana zana ɗigo-ɗigo a bayan kwaɗo, kore da ruwan ɗorawa, yana tsoma kan ƙusa a fenti don ɗigon ya fito daidai. Kyau kam akwai. Sai dai kifin daga ƙasa yake kallo, ciki da inuwa yake gani, bayan nan mai fatsa kawai yake burgewa. Ni fari ko ruwan ɗorawa nake sa wa ciki don rana, baƙi wuluk don magariba, saboda shi ya fi fita a hasken sama. Ƙafafun robar nakan miƙe su in yi musu zobe-zobe da tawadar maka (marker) wadda ba ta gogewa. Sai ta bushe sarai kafin a shafa gam mai sheƙi a kai, in ba haka ba launin ya narke ya dame. A ƙarshe in ɗaura zaren leda mai tauri ya kare tsinin ƙugiya daga ciyawa.

Zan ba wani mai zuwa gida da azumi guda biyu ya kawo maka. Gwada su da sassafe a gefen ciyawa can wajen Yawuri, amma ka sa waya a gaba, don in tsage ya samu, haƙoransa ba za su bar maka ko gashi ɗaya ba. Ka gaida mini Inna da yara, ka ce wa ƙaramin ya dage da karatu.

Naka har kullum,
abokinka na Minnesota