Taswirar lambatun Gadarif: a dawo da damina

Assalamu alaikum Malam Edita,

Barka da aiki. Daga Gadarif nake rubuto muku, a gabashin Sudan, inda kakanninmu suka yada zango kan hanyar Makka har zangon ya zama gida.

Kwanakin baya na tarar da wasu samari a bakin titi da na'urar awo mai ƙafa uku, suna bin lambatu suna rubutu. Da na tambaya, suka ce taswirar magudanan ruwa ake haɗa wa masu kula da hanyoyi. Na sa musu albarka, sannan na ce, "'Ya'yana, ai kun zo da rani."

Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani takan dare har hannu ya shige. Ruwan farko na sauka sai ta kumbura ta rufe baki, daga nan ba ta ƙara shan komai. Abin da zai zubo daga Yuli zuwa Satumba sai dai ya nemi gangare, ga fili shimfiɗe kamar tabarma, tudun taƙi ɗaya ya isa ya karkatar da ruwa daga titi zuwa ɗakin mutum. Kwalta kuma a irin wannan ƙasa ɗaga ta ake yi, kamar babbar hanyar da ta taso daga Wad Madani ta ratsa mu zuwa Kassala da Port Sudan. In kwalbati ɗaya ya toshe, titin ya zama madatsa ke nan, ɓangare guda ya sha.

Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna lambatu, amma ba zai nuna zurfinsa ba, balle ledoji da karan dawa da suka cushe bakin kwalbati. Taswirar da za ta yi amfani ita ce mai faɗin ina ruwa ya dosa, kuma ina zai zube. Ruwan da ya kai Khor Abu Farga, kwarin da ya ratsa garinmu, ya huta. Na layinmu kuwa, Allah na tuba, a gindin katangar maƙwabcina ya ƙare.

Abin ya ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan mutanen Madani sun kwararo a Disambar shekarar. Baƙo ya ga fili ya kafa rumfa, bai san abin da ya hana 'yan gari gini a wurin ba. Ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, ga zazzaɓin dengue, ga kwalara.

Roƙona ku isar mana da saƙo: masu awon nan su dawo a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, su ɗauki mai unguwa da dattawa biyu su zaga da ƙafa. In sun iso layinmu su yi sallama, zan nuna musu shatin da ruwan bara ya bari a bangon zaurena. Ya kai gwiwa.

Naku,
Mai sauraronku daga Gadarif